Skylake da ƙa'idar Windows 11: dalilin da ya sa aka karɓi zubi na takwas aka bar na shida da na bakwai

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya dakatar da facin tsaro na kyauta, wato gyaran da ke toshe ramukan kutse, da ya saba aika wa Windows 10 kowane wata, ya kuma ce masu amfani da ita su koma Windows 11. Sai dai ɗimbin kwamfutoci da ke aiki lafiya ƙalau ba su sami izinin wannan ƙaura ba, saboda furosesar da ke cikinsu, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ba ta cikin jerin waɗanda kamfanin ya amince da su. A ɓangaren Intel, an ja layin ne a kan zubi na takwas na iyalin furosesarsa mai suna Core (zubi shi ne rukunin samfuran da ake fitarwa a zango guda): daga nan zuwa sama an karɓa, zubi na shida da kusan dukkan na bakwai kuwa an bar su a waje. Abin da ya rikita mutane shi ne, waɗanda suka san harkar sun daɗe suna faɗin cewa zubi na shida, da na bakwai, da na takwas, da na tara, har da wani sashe na zubi na goma, duk a kan tsarin ciki guda aka gina su, wanda Intel ya raɗa wa suna Skylake. To, idan ginin ɗaya ne, me ya sa aka karɓi wasu aka ƙi wasu?

Tambayar ta shafi masu saye a ƙasar nan kai tsaye. Kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka a baje su a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja, irin su HP EliteBook 840 G3 da G4, da Dell Latitude E7470 da 7480, da Lenovo ThinkPad T460 da T470, duk 'yan wannan iyali ne, kuma irinsu ne aljihun ɗalibi da mai shagon buga takardu da ƙaramin ofis yake iya ɗauka.

Abubuwan da ake cakuɗawa

Furosesa ita ce guntun silikon da ke aiwatar da duk umarnin da manhaja ta bayar. Abu na farko da ya kamata a ware game da ita shi ne kundin umarni, wato jerin ayyukan da ta yi alkawarin fahimta: tara wannan da wancan, ɗauko wannan daga ma'ajiya, tsallaka zuwa layi kaza idan sharaɗi kaza ya cika. Kundin da kwamfutocin Windows suka fi amfani da shi ana kiransa x86, asalinsa daga furosesar Intel 8086 ta 1978, sannan kamfanin AMD ya faɗaɗa shi zuwa bit 64 a 2003. Saboda Intel da AMD suna jin wannan kundi ɗaya ne ya sa manhaja guda take tashi a kan kayan kowannensu.

Tsarin ciki wani abu ne daban. Kundin umarni ya faɗi abin da za a yi, tsarin ciki kuma shi ne dabarar da injiniyoyi suka zana domin a yi shi: umarni nawa za a karanta a lokaci guda, ina za su yi jira, sassa nawa ke lissafi, da girman ma'ajiyar da ke kusa da su. Furosesa biyu za su iya bin kundi ɗaya amma cikinsu ya sha bamban. Bayan wannan akwai fasahar ƙira, wadda ake auna ta da nanomita, kuma ita ke nuna yadda masana'anta ta iya matse ƙananan makunnan lantarki da ake kira taransistoci a kan silikon. Sai kuma sunan kasuwa, wato i3 ko i5 ko i7 da lambar zubin da ke biye da su. Wannan na ƙarshe sashen talla ne ke tsara shi, kuma babu dokar da ta ce sabon zubi sai ya zo da sabon tsarin ciki. Rikicin Skylake daga nan ya samo tushe.

Yadda Skylake take aiki a ciki

An fitar da Skylake a watan Agusta na 2015, da furosesa biyu na farko, Core i7-6700K da Core i5-6600K. Cibiyar bincike ta Intel da ke Haifa a Isra'ila ce ta zana ta, an kuma ƙera ta da fasahar nanomita 14. Ita ce ta shigo da ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, wato RAM, nau'in DDR4 cikin kwamfutocin gama-gari, ko da yake tana iya aiki da DDR3L ma, shi ya sa mai son ƙara wa kwamfutar zubi na shida RAM ya kamata ya duba wanne babban allonta ke karɓa.

Kowace furosesa tana da cibiyoyin aiki, biyu ko huɗu a zubin farko, kuma kowace cibiya tana tafiya ne da bugun agogo, sau biliyan biyu zuwa huɗu a daƙiƙa. Umarnin x86 tsawonsu ba ɗaya ba ne, wasu kuma suna ƙunshe da ayyuka da yawa, don haka matakin farko shi ne a farfasa su zuwa ƙananan ayyuka masu sauƙin sarrafawa. Wannan farfasawa tana cin lokaci da wuta, shi ya sa tun daga Sandy Bridge ta 2011 Intel ya tanadi wata ma'ajiya da ke riƙe ƙananan ayyuka kusan 1,500 da aka riga aka farfasa, domin idan manhaja ta maimaita layi ɗaya sau dubu kada a sake wahalar. Daga nan cibiyar Skylake tana shigar da ƙananan ayyuka har huɗu a kowane bugu zuwa sashen aiwatarwa, wanda yake da ƙofofi takwas: huɗu na lissafi, sauran huɗun kuma na ɗauko bayanai da ajiye su.

Babbar matsalar kowace furosesa ta zamani ita ce jira. Bayanin da ke ma'ajiyar farko, mai girman kilobait 32 a jikin kowace cibiya, yana isowa cikin bugu huɗu ko biyar. Wanda ke ma'ajiya ta biyu, mai kilobait 256, yana ɗaukar kusan bugu 12, na ma'ajiya ta uku da dukkan cibiyoyi ke tarayya a kai kuma kusan bugu 40. Idan aka rasa shi a duk ukun har sai an je RAM, jiran yakan kai bugu 200 ko fiye. Cibiyar da za ta naɗe hannu a duk wannan lokaci ta yi asarar mafi yawan ƙarfinta. Maganin da Intel ya runguma tun daga Pentium Pro ta 1995 shi ne aiwatar da umarni ba bisa jerin zuwansu ba: idan na gaba yana jiran bayani, sai a duba na bayansa waɗanda ba su dogara da shi ba a yi su, a riƙe sakamakon, daga baya a miƙa komai bisa tsarin da manhaja ta rubuta. Yawan ayyukan da cibiya ke iya riƙewa a wannan hali shi ne ma'aunin nisan hangenta. Sandy Bridge tana riƙe 168, Haswell ta 2013 tana riƙe 192, Skylake kuma 224.

Akwai dabara ta biyu da ke tafiya tare da wannan. Manhaja cike take da mararraba, inda hanyar da za a bi ta danganta da amsar da ba ta fito ba tukuna. Maimakon jira, cibiyar tana duba abin da ya faru a wannan mararraba a baya, ta yi kirdadon hanya, ta ci gaba da aiki a kanta. Idan kirdadon ya yi daidai, kamar yadda yake yi a mafi yawan lokuta, an ci riba; idan ya kuskure sai a zubar da aikin a koma baya, asarar kuma ba ta wuce bugu 15 zuwa 20 ba. Gwanin mai shayi haka yake yi: ba ya jiran ruwa ya tafasa kafin ya fasa ƙwan mutum na biyu, kuma idan ya hango wanda ya saba zuwa yakan soma haɗa masa abin da ya saba sha tun bai buɗe baki ba, in ya so idan yau mutumin ya sauya ra'ayi a zubar a sake. Wannan kirdado shi ne ginshiƙin saurin Skylake, kuma ta nan ne matsalar tsaro ta ɓullo daga baya.

Yadda tsari ɗaya ya haifi zubi biyar

Kusan shekara goma Intel yana bin wata al'ada mai taki biyu: shekara ɗaya a rage girman taransista, shekara mai zuwa a sake tsarin ciki. Nehalem ta 2008 sabon tsari ce a kan nanomita 45, Westmere ta matse ta zuwa 32. Sandy Bridge sabon tsari, Ivy Bridge ta 2012 ta kai shi 22. Haswell sabon tsari, Broadwell ta 2014 ta kai shi 14. Bisa wannan lissafi, bayan Skylake sai Cannon Lake mai nanomita 10 a 2016. Amma masana'antun Intel sun kasa fitar da nanomita 10 da yawan da kasuwa ke buƙata, kuma jinkirin ya ɗauki shekaru. Cannon Lake ba ta fito ba sai a 2018, ita ma a furosesa guda, Core i3-8121U, wadda ba ta yaɗu ba. Da yake sababbin tsare-tsaren da aka zana an ɗaure su ne da nanomita 10, jinkirin masana'anta ya riƙe su gaba ɗaya.

Kamfani ba zai zauna babu sabon kaya a kasuwa ba, don haka aka ci gaba da goge Skylake ana sake mata suna. Kaby Lake, zubi na bakwai, ta fito a ƙarshen 2016 da farkon 2017. Cibiyar aikinta ita ce dai ta Skylake, an ɗan ƙara saurin agogo, an kuma inganta sashen bidiyo yadda zai iya buɗe nau'in HEVC mai bit 10 da VP9 ba tare da dora wa cibiyoyi nauyi ba. A watan Maris na 2017 AMD ya fito da Ryzen mai cibiyoyi takwas a farashin da ya girgiza kasuwa, kuma martanin Intel shi ne ƙara yawan cibiyoyi. Core i7-6700K da i7-7700K huɗu-huɗu gare su; i7-8700K ta Oktoban 2017 ta zo da shida, i9-9900K ta 2018 da takwas, i9-10900K ta 2020 da goma. Saurin agogo ya tashi daga gigahaz 4.2 zuwa 5.3. Duk da haka, aikin da cibiya ɗaya ke yi a bugu ɗaya bai canza ba a tsawon waɗannan shekaru biyar.

Sabon tsarin ciki na gaskiya bai iso ba sai da Ice Lake a 2019, wadda cibiyarta mai suna Sunny Cove take riƙe ayyuka 352, kuma a kwamfutocin tafi-da-gidanka kaɗai. Wannan ya sa zubi na goma ya rabu gida biyu: Core i5-10210U 'yar Skylake ce, Core i5-1035G1 kuwa sabon gini ce, ko da yake lambar zubi ɗaya suke ɗauke da ita.

Meltdown da Spectre: shin su ne dalili?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa an bar zubi na shida da na bakwai ne saboda ramukan tsaro masu suna Meltdown da Spectre da aka bankaɗo a farkon Janairun 2018, waɗanda masu bincike na Google da na Jami'ar Fasaha ta Graz a Ostiriya da wasunsu suka gano. Ga yadda abin yake. Lokacin da cibiya take aiki bisa kirdado, takan taɓa bayanin da manhajar da ke gudana ba ta da izinin gani. Da zarar an gane kuskuren ana zubar da sakamakon, kuma an daɗe ana ganin hakan ya wadatar. Sai aka gano cewa aikin da aka zubar yana barin sawu a ma'ajiyar kusa: wasu bayanai sun matso, wasu ba su matso ba. Muguwar manhaja za ta iya auna tsawon lokacin da kowane wuri ke ɗauka kafin ya amsa, daga nan ta gane abin da aka taɓa, har ta tsinto kalmar sirri ko makullin ɓoye bayanai kaɗan-kaɗan. Meltdown ta fi shafar furosesar Intel, Spectre kuwa ta shafi Intel da AMD da ARM. Daga baya an sami 'yan uwansu, irin su Foreshadow a 2018, da ZombieLoad a 2019, da Downfall a 2023.

An toshe yawancin waɗannan ramuka ta hanyar faci a babbar manhaja da kuma sabunta BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta, kuma facin ya ɗan rage sauri. Amma tarihin bai goyi bayan masu ganin nan ne layin Windows 11 ya samo asali ba. Zubi na takwas na farko, wato Coffee Lake da Kaby Lake Refresh, an ƙera su ne a 2017 kafin a bayyana matsalar, kuma raunin Meltdown yana jikin silikonsu kamar yadda yake a zubi na shida. Gyaran cikin silikon bai soma ba sai a ƙarshen 2018, da Whiskey Lake da wasu 'yan zubi na tara. Downfall ma ta shafi tun daga zubi na shida har na goma sha ɗaya. Bugu da ƙari, a bayanin da Microsoft ya fitar a Janairun 2018 kan tasirin facin, ya sanya Skylake da Kaby Lake ne cikin sababbin furosesa waɗanda raguwar saurinsu ba ta kai kashi 10 cikin ɗari ba, ya ce Haswell da na bayanta ne za su fi jin jiki.

Hujjar Microsoft

Microsoft ya sanar da Windows 11 a ranar 24 ga Yuni, 2021, ya fitar da ita ranar 5 ga Oktoba na shekarar. Ya ce ya gina sharuɗɗanta ne a kan tsaro, da ɗorewar aiki, da dacewa da manhajojin zamani. Ta fuskar tsaro, ya buƙaci TPM 2.0, wato wani keɓaɓɓen sashe da ke ajiye makullan sirri inda babbar manhaja ba ta iya taɓawa, da kuma tsarin kunna kwamfuta mai tantance sahihancin manhajar da ke tashi. Ya kuma so a riƙa kunna wata kariya da ke killace zuciyar Windows a wani ɗaki na daban cikin RAM, yadda ko direba, wato manhajar da ke haɗa Windows da wani ɓangaren kwamfuta, idan aka gurɓata shi ba zai iya cusa mata baƙon umarni ba. Wannan kariya tana gudana da sauƙi idan furosesa tana da wata dama da Intel ke kira MBEC. Idan babu ita, sai Windows ta kwaikwayi aikin da manhaja, abin da ke rage sauri a fili. Skylake ta zubi na shida, irin wadda ke cikin kwamfutocin gama-gari, ba ta da wannan dama. A nan hujjar tana da ƙarfi.

Ta fuskar ɗorewa, a ranar 27 ga Agusta, 2021 kamfanin ya bayyana cewa a gwajin da ya yi, kwamfutocin da ba su cika sharuɗɗa ba sun fi faɗuwa irin ta shuɗin allo da kashi 52 cikin ɗari, waɗanda suka cika kuma kashi 99.8 cikin ɗari ba su fuskanci faɗuwa ba. Ya danganta bambancin da direbobi: sababbin kwamfutoci suna amfani da tsarin direba na zamani wanda masu ƙera su ke ci gaba da kula da shi, tsofaffi kuma an daina bibiyarsu. Akwai ƙanshin gaskiya a nan, domin duk kamfanin da ya yi alkawarin tallafa wa manhaja shekara da shekaru yana buƙatar masu ƙera kayan su ma su tsaya tare da shi.

Abin da masu suka ke cewa

Masu suka ba su musanta amfanin waɗannan kariyoyi ba. Abin da suke nunawa shi ne layin bai bi su ba. Takardun Microsoft da kansu sun ce MBEC ta soma ne daga Kaby Lake, wato zubi na bakwai, amma an ƙi shi. A ɓangaren AMD, takwarar wannan dama ba ta zo ba sai da tsarin cikinsa mai suna Zen 2, amma an karɓi Ryzen 2600 da 2700X waɗanda suka riga ta. TPM 2.0 ma ba ita ce shingen ba, domin tun daga ƙarshen Yulin 2016 Microsoft ya wajabta ta a kan sababbin kwamfutocin Windows 10, kuma yawancin 'yan zubi na shida da na bakwai suna da ita, ko dai a guntu na daban ko a cikin kayan Intel ɗin kansu da sunan PTT, wani lokaci a kashe a cikin BIOS. Batun ƙarfi kuwa bai taso ba, tunda Celeron N4000, wadda ba ta kama ƙafar i7-7700K ba, tana cikin jerin da aka amince da shi.

Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Core i5-7200U da Core i5-8250U. Shekara ɗaya ce tsakaninsu, cibiyar aikinsu iri ɗaya ce, sashen bidiyonsu kusan ɗaya ne, kuma sunan na biyun a wurin Intel Kaby Lake Refresh ne; bambancin shi ne ɗaya cibiyoyi biyu gare ta, ɗayar huɗu. An ƙi ta farko, an karɓi ta biyu. Sannan a waccan sanarwa ta Agustan 2021, 'yan furosesar zubi na bakwai da aka yi wa sassauci sun haɗa da Core i7-7820HQ, wadda ke cikin Surface Studio 2, kwamfutar da Microsoft ɗin da kansa yake sayarwa a lokacin. Game da alƙaluman faɗuwa kuma, an lura cewa ƙarin kashi 52 a kan abin da bai wuce kashi 0.2 ba har yanzu ƙaramin adadi ne, kuma tsufan kwamfuta da na direbobinta na iya haifar da shi ba tare da laifin tsarin cikin furosesa ba.

Akwai shinge na fasaha na gaskiya, amma yana can baya sosai. Daga fitowarta ta shekara-shekara mai lamba 24H2, Windows 11 tana buƙatar umarnin POPCNT da SSE4.2, kuma furosesar da ba ta da su, kamar Core 2 Duo, ba za ta tashi da ita ba ko an yi wace dabara. Intel ya shigar da waɗannan umarni ne tun a Nehalem ta 2008. Idan aka haɗa duk wannan, abin da ya fi dacewa da hujjojin da ke ƙasa shi ne cewa layin zubi na takwas iyaka ce ta alkawarin tallafi, wadda aka sanya a kan kayan da aka fitar daga wajen ƙarshen 2017, tana da tushe na fasaha game da zubi na shida, tushen kuma ya yi rauni game da na bakwai. Ba wannan ne karon farko da iyalin ya faɗa irin wannan taƙaddama ba: a Janairun 2016 Microsoft ya ce zai gajarta tallafin Windows 7 a kan Skylake zuwa Yulin 2017, kamfanoni suka yi ƙorafi, ya janye cikin shekarar.

Ƙungiyoyin kare masu saye da na muhalli sun ƙara da batun shara. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara sakamakon ƙarewar tallafin Windows 10. Matsin lambar ƙungiyar Euroconsumers ya sa Microsoft ya sassauta sharuɗɗan ƙarin tallafi ga mazauna yankin tattalin arzikin Turai, sassaucin da bai shafi Afirka ba.

Abin da wannan ke nufi ga mai kwamfuta da mai saye

Kwamfutar da ke kan Windows 10 ba ta daina aiki ranar 14 ga Oktoba ba, kuma ba za ta daina ba. Abin da ya tsaya shi ne toshe sababbin ramukan da za a gano, don haka haɗarin yana ƙaruwa ne a hankali, wata bayan wata. Harin WannaCry na Mayun 2017, wanda ya durƙusar da asibitoci a Birtaniya, ya bi ta ramin da Microsoft ya riga ya fitar da facinsa tun a Maris, ya kuma cinye waɗanda ba su saka facin ba. Kwamfutar shagon buga takardu da ba ta hawa intanet haɗarinta bai kai na wadda ake shiga asusun banki ko ajiye bayanan marasa lafiya da ita ba, ko da yake filashin da ke yawo daga hannu zuwa hannu shi ma ƙofa ce. Manhajoji kuma ba sa janyewa nan take: Chrome ta ci gaba da tallafa wa Windows 7 har shekara uku bayan Microsoft ya sake ta a Janairun 2020.

Ga ɗaiɗaikun mutane an buɗe shirin ƙarin facin tsaro da aka tsara zuwa 13 ga Oktoba, 2026, da sharaɗin kwamfutar tana kan fitowar 22H2 kuma mai ita yana da asusun Microsoft. A 2025 an tsara shiga ne da dala 30, ko da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kuma kyauta ga wanda ya yarda a riƙa ajiye saitunan kwamfutarsa a asusun. Kamfanoni da hukumomi kuwa dala 61 aka yanka musu a kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara har shekara uku, abin da zai yi wa kamfani mai kwamfutoci ɗaruruwa nauyi idan aka juya shi zuwa naira.

Hanya ta biyu ita ce a tsallake binciken a saka Windows 11 da ƙarfi, kamar yadda masu gyara ke yi da manhaja irin su Rufus. A kan zubi na shida da na bakwai tana tashi tana aiki, tunda kundin umarninsu ya cika. Sai dai Microsoft ya ce irin wannan kwamfuta ba ta da haƙƙin samun sabuntawa, kuma babbar fitowa ta shekara-shekara ba ta cika zuwa da kanta ba, sai an sake sakawa da hannu; wanda bai san haka ba zai iya zama a kan fitowar da wa'adinta ya ƙare yana zaton yana cikin kariya. Hanya ta uku ita ce Linux: Ubuntu 24.04 da Linux Mint 22 suna da facin tsaro har 2029, kuma suna tafiya sumul a kan waɗannan kwamfutoci. Ta dace da mai rubutu da binciken intanet da koyon rubuta manhaja, amma wanda abincinsa ya rataya a kan CorelDRAW ko Photoshop zai sha wahala, domin ba a yi su don Linux ba.

A kasuwa kuwa, abin da ake sa ran gani shi ne ƙaruwar 'yan zubi na shida da na bakwai yayin da ofisoshin Turai da Amurka ke sauke su, tare da faɗaɗar tazarar farashi tsakaninsu da na takwas. Ganin Windows 11 a kan allo a shago ba shaida ba ce cewa kwamfutar tana cikin jerin, domin mai yiwuwa da ƙarfi aka saka ta. Lambar furosesa ce abin dubawa, a sashen bayanin kwamfuta cikin saituna: lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubi (daga zubi na goma kuma lambobi biyu na farko), don haka i5-6300U ta shida ce, i5-7300U ta bakwai, i5-8350U ta takwas. Sunan kwamfutar kaɗai ba ya wadatarwa, domin akwai ThinkPad T480 da EliteBook 840 G5 da aka fitar da furosesar zubi na bakwai. Alamar i7 ma tana yaudara a wannan iyali, tunda i7-6600U da i7-7500U cibiyoyi biyu-biyu gare su, i5-8250U kuwa huɗu, kuma a aikin da ke amfani da dukkan cibiyoyi ta fi su nesa ba kusa ba. Mai duba kwamfutar AMD shi ma ya yi hattara da lamba: Ryzen 5 2500U tana ɗauke da 2000 a sunanta, amma tsarin cikinta na Zen na farko ne, kuma ba ta cikin jerin Windows 11.